Jan Inabin Sifaniya da Ya Kusa Kore Ni daga Riyad

Ɗakin da na fara sauka a Riyad yana unguwar Shumaisi, a saman shagon wani mai gyaran firji. Mu huɗu ne a ciki, kowa da katifarsa da jakarsa a matsayin matashi. Kafin in zo na yi shekaru ina sarin kayan sha a Kasuwar Singa ta Kano: lemon kwali, madarar gwangwani, ruwan 'ya'yan itace. Ba gado na yi ba, da baro na fara. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa ba baƙon kwalba aka cuta ba.

Kafilina, wato Balaraben da takardar zamana take ƙarƙashin sunansa, ana ce masa Abu Nayif. Yana da shagon sari da sito a unguwar Shifa, can kudancin gari. A takarda ni yaron shagonsa ne. A tsakaninmu kuwa magana ce ta baki: in kawo kaya da jarina, su shiga da sunansa, su kwana a sitonsa, in sayar mu raba riba. Iƙama, wato takardar zaman, shi yake sabunta ta duk shekara, in ya ga dama. Duk Bahaushen da ke ƙasar nan ya san nauyin wannan "in ya ga dama".

A watan Sha'aban Mansur ya same ni a shago. Iyayensa Hausawa ne amma a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu, kuma dillanci yake yi tsakanin masu shigo da kaya da irinmu.

"Ya Sabo, wallahi arziki na kawo maka har ƙofa," in ji shi. "Ruwan inabi ja, daga Sifaniya. Babu barasa ko ɗigo, hukuma ta duba ta buga hatimi. Mai kayan yana son ya kwashe kafin azumi. Ka san azumi, duk abin da yake ja ne kuma yana da sanyi, an sha."

Ya ciro kwalba daga motarsa ya zuba mini. Zaƙi, kumfa, sanyi har cikin ƙwaƙwalwa. Na ce a raina wannan ai ko a Singa sai an yi layi. Muka je siton mai kayan, na ga kwalaye jibge har rufi, na duba ranar lalacewa, na duba hatimi, na duba inda aka rubuta sifili a gefen barasa. Komai daidai. Na zuba jarina kaf, aka kwaso kayan zuwa Shifa. Kwalbar da na ɗanɗana daban, wadda ke cikin kwalayen daban. Tambarinsu iri ɗaya ne, launin takardar ne ya ɗan bambanta, kuma Mansur ya san haka.

Inda na gane kuwa shi ne wurin da bai kamata in gane ba. Akwai wani dattijo a Shumaisi, Malam Isiyaku, wanda ya daɗe a ƙasar, gidansa ne matattarar Hausawa. Wanda ya rasa aiki, wanda aka yi wa rasuwa a gida, wanda yake neman mai riƙe masa saƙo, duk can ake zuwa. A azumi yakan shimfiɗa leda a tsakar gida a yi buɗa-baki tare. Na ce bari in kai kwali guda sadaka, ta zama talla. Na jiƙa kwalaben a cikin ƙanƙara tun la'asar, kamar yadda ake yi wa zoɓo.

Aka kira salla, aka ci dabino, aka sha kunun gyaɗa da sukari ya ji. Sannan na bi mutane da kofunan roba ina zubawa. Na farko da ya kurɓa wani direba ne Basakkwace. Ya ɓata fuska kamar wanda ya tauna ɗanyar kanya, ya juya ya tofar.

"Kai, Bakano! Me ka ba mu?"

"Inabi ne."

"Inabin gidan wa? Harshena ya ƙanƙance!"

Na kurɓa da kaina. Babu zaƙi ko kaɗan. Tsami ne a gaba, bauri a baya, irin baurin da ke kama dasashi ya bushe baki. Bayan dabino da kunu kuwa sai ya zama kamar jiƙon sassaƙe. Wani ya ɗaga kwalbar sama, mai dogon wuya, baƙa, da toshiyar itace a bakinta. Ya shinshina ya ce, "Jama'a, ni dai na taɓa aiki a otal a Legas. Wannan warin na san shi."

Kowa ya ajiye kofinsa. A Riyad ba a maganar giya da wasa. Mutum yana iya kwana a ɗaki ya wayi gari a jirgi.

Malam Isiyaku ya karɓi kwalbar, ya sa tabarau, ya karanta Larabcin da ke bayanta a hankali. Ya ɗago.

"Sabo, an rubuta an cire mata barasa. Ka san ma'anar an cire?"

"Allah gafarta Malam, babu ke nan."

"Ma'anarsa da akwai. An bar ta ta zama abin da ta zama, sannan aka zare. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, wasu sun ce tunda ba ta bugarwa babu laifi, wasu sun ce asali ake dubawa. Ni ba zan ce ka sayar da haram ba, don ban tabbatar ba. Amma kada ta sake hawa shimfiɗata."

Adalci ya yi mini, na sani. Sai dai maganar da ta fita daga gidan ba ita ce wadda ya faɗa ba. Kafin a kai goman tsakiya, Sabo ya zama mai sayar da giya a cikin azumi. Masu ƙananan shaguna na Hausawa da nake kai wa madara suka fara cewa sai wani satin. A ɗakinmu, wanda muke cin sahur a tire ɗaya da shi ya sayi nasa farantin. Ba wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Labari ya haye teku. Matata Hajara ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce yayanta ya zo gida yana tambayar wace irin sana'a nake yi a ƙasa mai tsarki. Na ce ta ce masa lemo. Ta ce, "Na faɗa, Baban Amira. Ya ce lemo ba ya sa a rage murya." Ranar na sha ruwa ni kaɗai a bakin sito, da biredi da nono na roba, ina tuna yadda 'ya'yana suke rigima a kan wa zai kawo mini buta.

Mansur kuwa wayarsa a kashe. Aka ce ya koma Jidda. Mai kayan ya nuna mini takardar ciniki ya ce abin da aka rubuta shi aka ba ni, magana ta ƙare.

Bayan ƙaramar salla Abu Nayif ya zo sito. Ya tsaya yana kallon kwalayen, carbi yana juyawa a yatsansa.

"Ya Sabo, wannan bala'in da sunana ya shigo. Mutanenka suna surutu, surutu kuma yana da ƙafa. Iƙamarka tana ƙarewa bayan babbar salla. In na zo na ga sitona fayau, in sabunta. In na ga kwalaben nan, in buga maka fita ta ƙarshe, ka koma ƙasarku, ni in zubar da su."

"Ya mai tsawon rai, kayan halal ne, hatimin hukumarku ne a jiki."

"Halal ɗin da ba ya sayuwa, wuri yake ci."

Ban yi gardama ba. Komawa Kano babu jari, da wannan suna a goshi, ba komawa ba ce, faɗuwa ce a gaban waɗanda na taɓa ba bashin kaya.

Na shiga gari da kwalabe a bayan motar shago. Shagunan Indiyawa, na Yamalawa, na 'yan Bangaladash. Kowa sai ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Wani Bayamale ya ce ya lalace, in kai wa masu yin ruwan tsami. Wani ya ce in zuba sukari. Na gwada a sito, na zuba sukari na kaɗa, sai ya koma kamar maganin tari na yara. Zafin Riyad kuma ya fara tashi, irin wanda sitiyari yake ƙona hannu, ni kuma kullum ina tsoron kada na'urar sanyin sito ta tsaya kayan su dahu a kwali.

Mutum ɗaya ne cikin namu bai canza mini fuska ba: Iliya, Bazazzage, mai gasa nama. Larabawa suna ɗaukarsa ya yi musu gashi a gidajen shaƙatawa da suke haya a bayan gari, waɗanda suke kira istiraha. Duk inda ya gan ni sai ya ɗaga murya: "Bawana! Kanawa an ci kasuwa, kasuwa ta ci Kanawa!" Sannan ya naɗo mini nama a takarda ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce ubangida ba ya sayar wa bawansa abinci.

A unguwar Nasiriya na faɗa wani ƙaramin gidan abinci na wani ɗan Maroko mai suna Idris, dattijo mai furfura a gira. Na shiga ne don in sha iskar sanyi, tallan ma a gajiye na yi shi. Ya karɓi kwalbar, ya juya ta, ya yi murmushi kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce ya yi shekaru yana girki a Sifaniya kafin ya zo nan. Ya taɓa jikin kwalbar da bayan hannu, ya ji raɓar ƙanƙarar da na saka ta a ciki.

"Wa ya ce ka daskarar da ita? Kun kashe ta. Da me kuke sha?"

Na ce da dabino.

Ya dafe kai. "La haula! Zaƙi a gaba, wannan a baya? Ai maƙiya ne. Zauna, ya ɗan'uwa."

Ya ajiye kwalbar a gefe ya ce a bar ta ta huce, ta zama kamar ruwan randa, ba na firji ba, ba na rana ba. Ya buɗe ya bar ta ta sha iska. Ya ce inabin sunansa tamfaranilo, baƙi ne mai kaurin fata, kuma baurin daga fatar yake da 'ya'yan da ganga ta itace da aka ajiye ruwan a ciki. Ya ce wadda aka zare wa barasa ta fi sirantaka, don haka ta fi bukatar abokin tafiya. Ya zuba kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki, ya ce in shinshina tukuna. Na shinshina. A ƙarƙashin tsamin akwai ƙamshi irin na busasshen zoɓo, da wani kamar kanumfari, da wani kamar sabuwar jakar fata ta Kofar Wambai.

Sai ya kawo haƙarƙarin rago da aka gasa da gishiri da tafarnuwa kawai. Ya ce, "Ci nama. Tauna sosai, bar kitsen ya shafe bakinka. To, yanzu kurɓa."

Na kurɓa. Ban ga inda baurin ya shiga ba. Kitsen ya haɗiye shi, shi kuma ya wanke kitsen, bakina ya koma fes kamar ban ci komai ba, ga ɗanɗanon inabin ya fito a baya yana daɗewa. Na sake yankar nama ba tare da an ce in yanka ba. Ni da na yi shekaru ina sayar da abin sha, ban taɓa sanin akwai wanda ba a yi shi don ƙishirwa ba. Mu a wurinmu abin sha shi kaɗai yake tsayawa, ya yi zaƙi, ya yi sanyi. Wannan kuwa mahaɗi ne, kamar yadda ba a cin daddawa gaya a ce ba ta da daɗi.

Idris ya ɗauki 'yan kwalaye, a farashin da ya san na matsu. Ban ji haushi ba, ni ma da haka zan yi. Amma gidan abinci ɗaya ba zai kwashe sito ba. Na fita daga wurinsa kai tsaye na nemi Iliya.

Muka yi makonni muna gwaji a bayan wurin gashinsa. Da farko ya ƙi kurɓa, ya ce shi dai ya ji abin da Malam ya ce, zai gasa, ni in sha. Ban matsa masa ba, har yau bai taɓa kai ta baki ba. Ni ne ma'auni. Balangu da yaji kamar yadda muke ci a gida: wuta, barkonon ya ninka, baurin ya dawo da ƙarfinsa. Muka rage barkono, muka bar gishiri da masoro da ɗan citta: daidai. Tsire mai ƙuli-ƙuli da yawa yana danne ta. Hanta da kitse a tsinke ɗaya ta fi komai. Kilishi ya yi zaƙi da zafi, ba su jitu ba. Kifi kuwa kada Allah ya maimaita, kamar ka lashi makulli. Cuku mai tauri da zaitun suna tafiya da ita. Shinkafa da naman rago irin tasu, wadda ake turarawa da hayaƙi, ta karɓe ta hannu biyu. Ranar da na gwada da tuwo miyar kuka Iliya ya yi dariya har ya zauna a kan buhun gawayi.

"Bawana, ko aljani ba zai ɗaura wannan auren ba."

Ya fara tafiya da ni wuraren aikinsa. Ba na tallata ta a matsayin lemo. Ina jira sai nama ya sauka, in zuba kaɗan, in nuna kwalbar da hatiminta a fili, in ce a ci kafin a sha. Wasu su ture, wasu su sayi kwali. Kaya suka fara motsi, amma tafiyar kunkuru suke, wata kuma yana gudu. Da aka ga watan babbar salla, fiye da rabin siton yana nan.

Na je wurin Abu Nayif na roƙe shi abu ɗaya. Danginsu sukan taru washegarin salla a istiraharsu su ci naman layya da rana, kuma cikinsu akwai masu gidajen abinci da masu ɗakunan biki. Na ce ya bar ni da Iliya mu yi musu gashi kyauta, in zuba kayana.

"Mahaifina zai zo," in ji shi. "Mutumin da bai yarda da lemon kwalba ba ma. In ya tashi daga kan shimfiɗa saboda kai, ba sai na jira iƙama ta ƙare ba."

Na ce na yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar, rana tana tsaka, maza sun cika zauren, yara suna guje-guje a waje. Iliya ya gasa haƙarƙari da hanta yadda muka tsara. Na hana a kawo dabino da shayi kafin nama, abin da ya sa wani ƙanen Abu Nayif ya harare ni kamar na zagi kakansu. Na ɗauki kwalba na nufi tsohon kai tsaye, don in an ɓoye masa ya gano daga baya, ta fi muni. Na durƙusa na ce, "Ya baba, wannan ruwan inabi ne daga Sifaniya, an zare masa abin da ke bugarwa, ga hatimi. Malamai sun yi saɓani a kansa. Ba shi da zaƙi. In ba ka so, in fitar da shi daga gidan nan yanzu."

Ya kira wani jikansa babba ya karanta masa bayan kwalbar tun daga sama har ƙasa. Abu Nayif ya daina juya carbi. Tsohon ya yagi nama da yatsu uku, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa, ya karɓi kofin, ya kurɓa. Ya sake yagar nama, ya sake kurɓa.

"Likita ya raba ni da zaƙi shekara da shekaru," ya ce da ɗansa, ba da ni ba. "Kullum ku sha naku ja da kore, ni a ba ni ruwa kamar raƙumi. Wannan yana sitonka, ka bar ni ina cin kitse da ruwa?"

Zauren ya fashe da dariya. Wasu dattawa biyu suka ce su dai a ba su ruwan, aka ba su, ba wanda ya ce musu komai. Sauran suka miƙo kofuna. Kafin la'asar wani mai ɗakin biki ya ja ni gefe, wani mai gidan gashi ya karɓi lambata. Cikin kwanakin salla motoci suka yi ta zuwa Shifa, har na ga simintin daɓen sito a inda ban taɓa ganinsa ba tun Sha'aban.

Abu Nayif ya zo ya zagaya siton, takalminsa yana amsa-kuwwa. Ya zauna a kan kwali na ƙarshe, ya ciro wayarsa ya danna, tawa ta yi ƙara a aljihu. An sabunta, shekara guda.

"Mabruk, ya Sabo. Amma akwai magana. Na yi waya da mai shigo da kayan, daga yanzu ni zan saya kai tsaye. Babu sauran raba riba. Kai kana da albashi, ka riƙa kai kaya kana nuna wa mutane yadda ake sha."

Kasuwar da na haƙa da farcena ke nan ya sa ƙafa a kai, kuma da sunansa komai yake, babu alƙalin da zai saurare ni. Na dubi wayar, na dube shi. Na san ciniki: wanda wuyansa ke hannun mai saye ba ya cewa albarka.

"Tayyib, ya mai tsawon rai," na ce. "Amma duk inda zan je, da Iliya za a je, kuma kai za ka biya shi. In babu namansa, kayanka maganin tari ne."

Ya yi tsaki, ya juya carbi, ya ce ya ji.

Na fita bakin sito na kira Hajara na ce mata ta daina gyara mini ɗaki, ba bana ba. Ban san ko murna ce ko kuka na ji a muryarta ba, ta ce a azumin bana Amira ta fara yin rabin yini, tana ta tambaya yaushe zan zo in gani. Na ce ta ba ta wayar. Ta ce Amira ta tafi islamiyya.